Ga Mai Koyon Aikin Famfo: Ka San Abin da Kake Binnewa a Bango

Ƙanena, tunda ka ɗauki sifana da zarto ka ce aikin famfo za ka koya, akwai maganar da nake so ka ji tun hannunka bai gama sabawa ba. Yawancin yaran da ke bin falamba wurin aiki, ɗauri suke ɗokin iyawa: a haɗa elbo da soket, a murɗa yuniyan, a buɗe ruwa a ga babu ɗigo. Wannan cikin 'yan watanni ake koyonsa. Abin da ke cin shekaru, wanda da yawa ke tsufa a sana'ar ba su kama shi ba, shi ne sanin halin kayan da ake ɗaurawar. Wane ƙarfe ne wannan? Me aka cuɗa a cikinsa? Yaya zai koma bayan shekara goma ruwa na kwana a cikinsa yana tashi?

Aikin tela a jiki ake ganinsa, idan ya ɓata ɗinki ranar za a mayar masa. Naka kuwa, da an yi filasta an manna tayil, shi ke nan ya ɓace wa ido. Mai gida ba zai ƙara ganinsa ba, amma kullum sai ya sha abin da ya biyo ta cikinsa. Da ruwan za a dama wa jariri koko, da shi za a yi alwala, da shi za a ɗora sanwa. Duk ƙoƙarin da gidan ruwa ya yi wajen tacewa, duk zurfin da aka yi wa rijiyar burtsatse, hannunka ne na ƙarshe kafin ruwan ya kai bakin mutum. Shi ya sa nake ganin sanin ƙarafa da sinadarai wajibi ne a kanka tun kana ɗaukar wa oga jaka.

Bari in fara da dalma, don ita ce mafi sauƙin kai a hannun ma'aikaci, kuma ita ce mafi ɓarna. Ina nufin dalma mai nauyin nan, mai launin toka, da ake cirowa daga tsohon batirin mota, wadda ko da farce ka karce ta sai ta yi zane. Masu aikin ruwa na dā sun so ta ƙwarai, kuma suna da hujja. Tana narkewa a digiri 327 kacal, wutar gawayi ta ishe ta. Tana lanƙwasuwa ba ta karye ba, kuma ba ta irin tsatsar baƙin ƙarfe. Da ita Rumawa suka ja ruwa cikin biranensu shekara dubu biyu da suka wuce. Tun a wancan zamanin wani magininsu mai suna Vitruvius ya lura da yadda masu narka ta ke ɗashewa, ya ba da shawarar a koma bututun yumɓu. Ba a saurare shi ba. Amurka ma, da duk iliminta, sai a 1986 ta haramta sa bututun dalma da likin dalma a hanyar ruwan sha.

Mugun halin dalma shi ne ba ta da ɗanɗano a ruwa, ba ta da wari, ba ta sauya masa launi. Tafasa ruwan ba ya fitar da ita. In ta shiga jiki sai ta tafi ƙashi da haƙori ta kwanta shekara da shekaru, idan mace ta samu ciki kuma ta fito daga ƙashin ta shiga jinin ɗan tayi. Hanjin ƙaramin yaro yana tsotse ta ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba, ƙwaƙwalwarsa kuma ita take fara taɓawa. Yaro ya taso ba ya riƙe karatu, ga saurin fushi, ga ƙarancin jini, a yi ta dukansa a makaranta ana cewa daƙiƙi ne, alhali guba ce aka shayar da shi kaɗan-kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a maikirogiram 10 cikin litar ruwa, ta kuma ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa.

Mu a Arewa ba sai an ba mu labari ba. A 2010 yara suka yi ta suma suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, har aka rasa yara wajen 400. Can ba ta famfo ta shiga ba, ta ƙurar dutsen zinariya ce da ake daka shi ana niƙawa a cikin gidaje. Amma gubar ɗaya ce. Wadda ta biyo ta famfo kuwa, a garin Flint na Jihar Michigan a Amurka aka ga aikinta. A watan Afrilun 2014 hukumomi suka sauya wa garin ruwa zuwa na kogin Flint don rage kashe kuɗi, ba su zuba sinadarin da ke hana ruwa cin bututu ba. Sabon ruwan ya kankare ɓawon da ya daɗe yana rufe cikin tsofaffin bututun dalma, ya kwaso gubar ya kai gidaje. Sai a watan Satumban 2015 wata likitar yara, Mona Hanna-Attisha, ta fito da sakamakon gwajin jinin yaran garin, sannan aka yarda. Ka lura da wannan sosai: bututun nan sun shekara da shekaru a ƙasa, ruwan kawai aka sauya. Ashe ba ƙarfe kaɗai za ka sani ba, har da halin ruwan da zai bi ta cikinsa.

Za ka ce ai kai ba ka taɓa ganin bututun dalma ba. Gaskiya ne, da wuya ka gan shi yanzu. Sai dai dalmar ta sauya mafaka. Tana cikin sandar liki ta dā, wadda rabinta kuza ne rabinta dalma. Tana cikin jan kwaɓin nan da tsofaffin ma'aikata ke shafawa a tiredi tare da zaren rama. Mafi yawa kuma tana cikin tagulla, wato biras a bakin 'yan kasuwa, wadda ake yin kan famfo da bawul da ita. Asalin tagulla haɗin jan ƙarfe ne da tutiya, amma masana'antu kan ƙara mata 'yar dalma don ta yi daɗin yanka a inji, in kuma daga tarkacen ƙarafa aka narko ta, to Allah kaɗai ya san abin da ya shiga. Wasu masana daga Jami'ar North Carolina sun gwada famfunan karkara 261 a Ghana da Mali da Nijar, suka fitar da sakamakon a 2021. Kashi 9 cikin ɗari na ruwan da suka ɗiba ya haura iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma kayan tagullar da ke jikin famfunan su ne suka fi ɗauke da dalmar. Ka duba fa, ruwan a ƙarƙashin ƙasa lafiyarsa lau, kayan da aka ɗaura ne suka ɓata shi. Irin kayan nan kuwa su ne jibge a kasuwanninmu. A Amurka, tun 2014 doka ba ta yarda dalma ta wuce kashi 0.25 cikin ɗari a duk inda ruwan sha ke taɓawa ba.

To me ke hannunka? Kada ka sa likin dalma a hanyar ruwan sha, ko da oga ya ce ya fi saurin kamawa. Akwai liki marar dalma, kuza ne da ɗan jan ƙarfe ko ɗan azurfa, yana son wuta fiye da wancan kaɗan, iyakar wahalarsa ke nan. In za ka sayi kan famfon kicin, nemi na kamfanin da ya rubuta sunansa da shaidar inganci a jiki. Sannan ka riƙa gaya wa matan gida abu biyu duk inda ka yi aiki: ruwan da ya kwana a bututu a bar shi ya ɗan zuba kafin a tari na sha, a yi wanke-wanke ko ban ruwan shuka da na farkon; kuma kada a ɗebi ruwan hita a dama kunu ko a haɗa madarar jariri, don ruwan zafi ya fi narkar da ƙarfe. Maganar minti ɗaya ce, amma ba lalle su ji ta a bakin kowa ba in ba kai ba.

Tunda mun zo kan famfo, zo in nuna maka yadda ake sayensa. In ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Dei-Dei a Abuja, za a zube maka su a kan tebur duk suna walƙiya iri ɗaya, don dukkansu an yi musu shafen kurom a waje. Kada ka kalli walƙiyar. Ɗauki biyu, ɗaya a kowane hannu, ka jinjina, ka duba kaurin bakinsu. Sannan ka juya gindin, ka leƙa cikin tiredi inda shafen bai kai ba, ka ɗan karce da bakin sukundireba. In ka ga ruwan ɗorawa, tagulla ce. In ka ga fari-fari mai toka-toka, narkakkiyar tutiya ce aka zuba a ƙwarya aka yi mata ado. Irin wannan ba ta jure zama cikin ruwa. Kafin a je ko'ina cikinta ya rududduge, wata rana yaro ya murɗa wuyan ya ɓalle a cikin bango, sai an fasa tayil. Ita kanta tagullar akwai mai rauni. Wani ruwan yakan tsotse tutiyar da ke cikinta ya bar jan ƙarfen fanko, sai ka ga bawul ya yi ja-ja, farin gari na tsattsafowa a jikinsa. In ka ga haka kada ka tsaya ɗaure shi da roba, canja shi.

Sai fayif ɗin ƙarfe da ake kira GI, wanda shi ne a yawancin tsofaffin gidajenmu. Baƙin ƙarfe ne aka tsoma cikin narkakkiyar tutiya mai zafin kusan digiri 450, kamar yadda ake yi wa kwanon rufi. Hikimar ita ce tutiya ta fi ƙarfe saurin cinyewa, don haka ita ke karɓar duka, ƙarfen ya zauna lafiya muddin tana nan. Ranar da ta ƙare tsatsa ta samu ƙofa. Kuma kai da hannunka kake fara buɗe ƙofar, domin duk inda ka yanka tiredi ka kankare shafen, shi ya sa yoyon GI kusan kullum daga gaɓa yake farawa. Ka taɓa yanke tsohon fayif mai inci ɗaya ka leƙa cikinsa? Tsatsa ta yi curi-curi ta cika shi, hanyar da ta rage wa ruwa da ƙyar fensir zai wuce. Mai gida yana ta zagin gidan ruwa wai ba ƙarfi, ko ya sayo sabon inji, alhali ciwon na cikin bangonsa. Fayif ɗin GI yana da ƙarfi kam, inda ake tsoron duka ko taka shi da mota yana da amfani har gobe. Amma ka san inda ba ya zama.

Babban wurin da ba ya zama shi ne rijiyar burtsatse mai ruwa mai ɗan tsami. Tun shekarun 1980 masana suka gano wannan a Afirka ta Yamma, a famfunan tuƙa-tuƙa irin India Mark II da ake zura musu fayif ɗin GI. Ruwan yana cin ƙarfen, da asuba na farkon ya fito ja, yana ƙarnin ƙarfe, ya ɓata farin kaya, ya baƙanta abinci. Mata su gaji su koma rafi ko kududdufi, su kwaso ciwon ciki. An kashe kuɗi an yi rijiya, an yi bikin buɗewa, ƙarshenta shekara biyu ko uku fayif ya huje ko ya tsinke ya faɗa ƙasa. Wannan abu yana ci mini rai, domin maganinsa sananne ne: a gwada ruwan kafin a zura komai, in awon tsaminsa, wato pH, ya gaza 6.5, a sa fayif ɗin roba mai kauri da sandunan ƙarfen da ba ya tsatsa. In aka ba ka irin wannan aiki wata rana, ka tambayi sakamakon gwajin ruwa ko da kai kaɗai ne ka tambaya. Wani abu kuma game da GI: in ana masa walda, farin hayaƙin da ke tashi tutiya ce ke ƙonewa, shaƙarsa na kawo zazzaɓi da rawar sanyi cikin dare. A yi a fili, iska na bayanka.

Jan ƙarfe, wanda 'yan gwangwan ke kira kofa, tsohon sani ne a ƙasarmu. Ibn Battuta ya sauka Takedda, a yankin Agadas na Nijar ta yau, a 1353, ya tarar ana narka shi ana cinikayya da sandunansa. Kuzan da ake lika shi da shi ma namu ne, mutanen Riruwai sun daɗe suna narka shi kafin Turawa su buɗe haƙarsa a Jos a farkon ƙarni na 20. Jan ƙarfe yana jure zafi, sai digiri 1085 yake narkewa, yana lanƙwasuwa, yana daɗewa. Tsada da ɓarayi ne suka sa yanzu ba ka cika ganinsa ba sai a layin gas da na'urar sanyaya ɗaki da wasu manyan gine-gine. In ka samu mai koya maka likinsa, ka zauna ka koya. A goge bakin fayif da cikin soket har su yi ƙyalli, a shafa man liki sama-sama, a zura, a ɗora wuta a jikin soket ɗin, sannan a taɓa sandar a bakin gaɓar. In zafin ya kai, da idonka za ka ga likin ya narke ya tsotsu ciki da kansa ya zagaye. Kada ka narka sandar da harshen wuta kana ɗigawa, wannan ɗamɓara ce kawai a waje. In ka gama ka goge ragowar man, don yana da cin ƙarfe, shi ne ke barin koren tabon nan.

Ga kuma ƙa'idar da yawancin yara ba su sani ba: jan ƙarfe da fayif ɗin GI zaman doya da manja suke yi. In ka haɗa su baki da baki ruwa na ratsa su, wata 'yar wutar lantarki ce ke tashi tsakaninsu, irin wadda ke cikin batir, sai mai raunin ya yi ta cinyewa. GI ne zai ci wuya, gaɓar ta toshe da tsatsa ko ta huje. Ka raba su da gaɓar roba ko yuniyan mai raba ƙarfe biyu. Wannan halin ne kuma masu ƙera hita suka juya ya zama alheri: a cikin tankin akwai wata sandar magniziyam da aka sa don ita ta cinye a madadin tankin. In ta ƙare ba a sauya ba, tankin ne na gaba. Kaɗan ne cikin masu gyara suke ko duba ta.

Ƙarfen da ba ya tsatsa, sitenles, ba zan daɗe a kansa ba. Sirrinsa kurom ne, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. Mai lamba 304, da aka fi yin sink da jikin injin jawo ruwan burtsatse da shi, yana da kurom kashi 18 da nikel kashi 8. Mai lamba 316 ya fi jure ruwa mai gishiri. Mayen ƙarfe ba ya cika kama 304, amma kada ka dogara da wannan gwajin shi kaɗai, don akwai mai araha, 201, da shi ma ba ya kamuwa, ga shi kuma yana tabo. Nemi lambar a jiki.

Yanzu duniya ta koma roba, kuma yawancin aikinka da ita zai kasance. A nan ne kuma aka fi yin ganganci, don ana ganin ai roba roba ce. Akwai PVC na matsin ruwa mai kauri, akwai na ruwan datti mai sirantaka. Sa na biyun a gurbin na farko don a rage kuɗi cin amana ne, ranar da aka kunna inji mai ƙarfi zai tsage. PVC ba ya ɗaukar zafin da ya wuce digiri 60, saboda haka ba shi da hurumi a bakin hita. Ranar ƙasarmu ma tana gasa shi, ya yi fari ya bushe, ƙaramin dutse ya fasa shi. In dole ya bi waje, a rufe shi ko a yi masa fenti. Gam ɗinsa kuwa narka fatar robar yake yi, ɓangarorin biyu su zama abu guda. Don haka sai an yanke baki daidai, an kankare gefen, an share ƙura da danshi, an shafa wa duka biyun, an tura da 'yar juyawa, an riƙe na ɗan lokaci kada ya turo kansa waje, sannan a ba shi lokaci kafin a sako ruwa. Tururinsa na kama wuta kuma yana juya kai. Kada ka yi aiki da shi a rufaffen banɗaki, kada ka yarda shaƙarsa ta zame maka ɗabi'a, ka san yaran da wannan ya lalata.

Akwai al'adar nan ta kunna kwali a gasa bakin PVC a tura wani a ciki don a huta sayen soket. Na san kowa na yi. Amma inda ka gasa ya riga ya yi siriri ya ƙone, can zai fara fashewa, baƙin hayaƙin kuma yana ɗauke da iskar asid mai cin huhu. Nawa soket yake? Koren fayif ɗin nan, PPR, shi ne na ruwan zafi da sanyi, kuma shi da wuta ake haɗa shi, amma wutar inji mai awo, digiri 260. Mai milimita 20 daƙiƙa biyar ta ishe shi a kan injin. In ka bar shi ya wuce, ko ka murɗa shi wajen turawa, narkakkiyar robar za ta taru a ciki ta tsuke hanya, a waje kuwa ka ga gaɓa tsaf. Ka riƙa yanka gaɓar gwaji kana leƙawa har hannunka ya daidaita. Farin tef na tiredi kuma a bi da shi yadda tiredin ke tafiya, a bar haƙorin farko. Kada ka cika shi ka ɗaure namijin ƙarfe cikin macen roba da ƙarfin tsiya, tsagewa za ta yi, in ba yau ba wata mai zuwa.

Kano ta fara shan ruwan Challawa tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, don haka a ƙarƙashin tsofaffin biranenmu akwai bututu na kowane zamani. In haƙa ta kai ka kan wani mai kama da siminti, ka yi hattara, wataƙila na asbestos ne. Kada ka sa masa injin yanka a bushe. Ƙurarsa tana maƙalewa a huhu, ciwon kuma sai bayan shekara ashirin ko talatin yake bayyana.

Sinadaran buɗe toshewa su ma suna son natsuwa. Soda mai ƙuna tana narka maiƙo da gashi, amma tana zafi sosai in ta haɗu da ruwa, tana cin alminiyam, tana makantarwa. Ita ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a kwara mata ruwa a kai. Ruwan batir da wasu ke zubawa a masai yana cin ƙarfe da siminti. Mafi haɗari shi ne haɗa ruwan bilic, irin Hypo, da kowane asid, don iskar kulorin ce ke tashi nan take, a ƙaramin banɗaki tana iya kayar da ƙato. Duk gidan da aka kira ka toshewa, fara tambayar uwar gida: Hajiya, me aka riga aka zuba? In wani abu ya fantsar maka a ido, ruwa mai yawa, minti goma sha biyar ko fiye, sannan asibiti. Sokawe kuwa, ina roƙonka da girman Allah kada ka shiga don an buɗe murfi ka ji warin ya ragu. Iskar da ke ciki mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, in ta yi yawa hancin ma kashe shi take yi, kuma ta fi iska nauyi, a ƙasa take kwanciya. Sau da yawa ba mutum ɗaya ake rasawa ba, na biyu ya shiga ceton na farko, na uku ya bi. Haka kunna injin fetur a cikin rijiya. Babu kuɗin aikin da ya kai wannan.

Ka kuma dubi inda kake shimfiɗa layi. Zagaya unguwa ka ga fayif nawa ne ke kwance cikin kwata, an ɗaure fashewarsu da tsohon tib. A garuruwanmu ruwa zuwa yake yana ɗaukewa. Lokacin da yake da ƙarfi, waje yake tsartuwa ta hujin. Da an ɗauke, bututun ya zama fanko, sai ya zuƙo ruwan kwatar ciki, gobe a tura shi randar mutane. Ta nan amai da gudawa da taifot ke shiga gidan da ake ganin ruwan famfo suke sha. Ɗaga layin sama da kwata, ko ka zura shi cikin wani babban fayif inda dole ya tsallaka, ka kuma nisanta shi da masai.

Saura maganar kuɗi, wadda a kanta ake faɗuwa. Za a ba ka kuɗin kaya masu kyau, mai shago ya raɗa maka cewa akwai mai kama da shi a rabin farashi, rasit kuma yadda kake so za a rubuta. Babu mai gani, bango zai rufe. Ka tuna shayar da ruwa na cikin manyan sadaka a addininmu, algus kuma haramun ne, kai kuwa sana'arka ta tsaya a tsakanin biyun nan kullum. In mai gida ne da kansa ya nace sai mai araha, kada ka yi fushi, wataƙila ƙarfinsa ke nan. Ajiye masa biyun a gabansa, karce masa cikinsu ya gani, faɗa masa inda za a iya sassautawa da inda ba za a iya ba. Layin ban ruwan fulawa ko na wankin mota ana iya lallaɓawa. Kan famfon da ake sha, da duk abin da zai shige cikin bango, a nan ka tsaya kai da fata.

Kafin ka bar magini ya rufe aikinka, toshe bakunan, cika layin da ruwa, bar shi ya kwana, da safe ka bi gaɓa-gaɓa da busasshen hannu. Ɗauki hoton kowane bango da wayarka ka tura wa mai gida, don wanda zai zo gyara bayanka ya san inda zai fasa. Ka rubuta masa irin fayif ɗin da ka sa da girmansa. Gobe in ka je wurin aiki, ɗauki guntun tsohon fayif ɗin da aka cire ka yanka shi biyu, ka kai wa ogan ka tambaye shi me ya cinye shi. Allah ya sa albarka a hannunka.